Kilo Sittin Ɗin Da Na Ɓoye Maka, Injiniya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana gab da kiran la'asar, ina tsugune a gindin wani tankin ruwa ina walda, sai na ji an dafa kafaɗata. Na ɗaga gilashin fuska zan yi faɗa, don kowa a masana'antar nan ya san ba a taɓa ni in wuta na hannuna. Mai Fenti ne. Da na ga idonsa ban tambaye shi komai ba, na miƙa hannu na kashe inji. Ya ce, "Hajiya ce ta bugo. Injiniya ya cika." Na Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Injiniya, na san kana kwance a asibiti, na san likita ya ce zuciyar ta gaji, amma wallahi ban shirya ba. Akwai maganar da muka fara ni da kai, ba mu ƙarasa ba.

Ni mai walda ne, ba marubuci ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina aiki a ƙarƙashinka, kuma a cikinsu ban taɓa rubuta abin da ya wuce awon ƙofa a bayan kwali ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji a wurin zaman makoki. Wani mai babbar murya, wanda ko sau ɗaya bai taɓa taka rumfarmu ba, yana cewa, "Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai motar nan tasa lissafi ne ya gagare shi." Na yunƙura zan amsa masa, na ga ba wurin ba ne, na koma na zauna. To ga amsar a rubuce. Lissafi bai gagare ka ba. Ni ne na lalata maka shi da hannuna, na kuma ɓoye maka shekara biyu cur. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko kai wane ne.

Sunan Injiniya ma da tsokana aka laƙaba maka shi. Shekara ɗaya ka yi a makarantar koyon sana'a mahaifinka ya rasu, ka fito ka riƙe ƙannenka da guduma. Ranar da na zo neman aiki, masana'antar rumfar kwano ce, injin walda ɗaya, da wani benci da ke rawa in an ɗora masa nauyi. Ka ba ni ƙarfe biyu ka ce in haɗa su a kwance. Na duba na ga a tsaye za su fi kamawa, na haɗa su a tsaye. Ka juya su, ka maka su da ƙasa, ba su rabu ba. Ka ce, "Kai kurma ne?" Na ce a'a. Ka ce, "Daga yau kai kurma ne. Ka zo gobe da ƙarfe bakwai." Shi ke nan suna ya bi ni, har jikokina ba su san ina da wani ba.

Baro muke yi, da tankin ruwa, da ƙofar ƙarfe, daga baya muka ƙara da injin niƙa. Rumfa ta yi tsawo, aka yi mata bango, aka yi maka ofis mai tagar gilashi don ka riƙa hango mu, amma ba ka taɓa zama a cikinsa awa guda ba tare da ka fito ka sa wa wani baki a aiki ba. Maganarka ɗaya ce a kan kowane abu: "A ƙara kauri." In wasu sun yi baro da ƙarfen da za a lanƙwasa da gwiwa, namu sai mutum biyu sun kama kafin ya hau mota. Dillalai suna ƙorafi wai wanda ya sayi namu ba ya dawowa. Ka ce ai shi ake so. Na tuna wata tsohuwa mai sayar da gawayi da ta turo baronta bayan shekara sha ɗaya, taya ta cinye, tana tambayar gyara. Ka fito ka zagaya baron nan sau biyu kamar wanda ɗansa ya dawo daga doguwar tafiya. Ka sa aka sake masa taya, aka yi sabon fenti, ka hana ta ko buɗe bakin zanenta. Sannan ka tara mu, ka kifa shi, ka ce mu duba da kyau, ko tsatsa ba ta huda gindinsa ba.

Shekarar da tartsatsi ya shiga idona na hagu, don taurin kaina na yin walda ba gilashi, kai ka kai ni asibiti a motarka, kana tuƙi kana yi mini faɗa tun daga ƙofar masana'anta har ƙofar likita. Sati uku na yi a gida da bandeji. Kullum da yamma sai ka zo, ka zauna a ƙofar ɗakina ka karanta mini jarida, kana cusa labaran ƙarya a ciki don ka ga ko ina saurare. Da na dawo aiki na tarar ka rataye gilashin fuska a kan kowane inji, ka ce duk wanda ka kama yana aiki ba shi, ya tafi gida ya huta kwana uku. Ni ka fara kamawa.

Maganar mota ta taso ne shekara tara da suka wuce. Wata safiya ka kira mu ofis, ni da Mai Fenti da sauran tsofaffin ma'aikata, ka share tebur, ka warware wasu manyan takardu. Mota ce ka zana, gajera kamar an danne ta, mai kujera biyu, injinta a baya. Ashe shekara da shekaru kana zanenta ba wanda ya sani sai matarka Hajiya. Ka ce ka gaji da ganin irin waɗannan motoci a hoto, ana cewa wai sai a wasu ƙasashe ake ƙera su. "Su ma hannu biyu gare su," in ji ka. Ka ce inji kaɗai za mu samo daga waje, sauran duka a rumfar nan za a yi, kuma sai ta yi gudun kilomita ɗari biyu da hamsin a awa. Mai Fenti ya yi dariya har da tari. Ni na ce, "Injiniya, baro fa muke yi." Ka ce, "Baro ma taya gare shi." Tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba ka raɗa mata suna Walƙiya.

Inji mai silinda takwas muka ciro daga wata motar alfarma da ta yi haɗari, a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Shekara uku muna aikinta a lungun da muke ajiye tankuna, bayan an gama aikin da ke ciyar da mu. Nan muka yi kuskuren da babu mai yin sa sai mu. Ka zana shasi, wato ƙashin motar, da siririn bututu, muka dubi zanen, muka dubi juna, muka ɗauko irin bututun da muke yi wa tanki ƙafa. Gangar jiki kuwa da ƙarfen ƙofa muka buga ta. Kai ma ba ka hana ba, kada ka ce ka hana. In ka zo dubawa ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarfe ya amsa, sai ka gyaɗa kai ka wuce. Hali zanen dutse. Ranar da za a fito da ita, sai da mutum sha ɗaya suka sa kafaɗa kafin ta motsa.

A titin gaban masana'anta muka gwada ta, kai ne a sitiyari. Ruri kam ta yi, har karnukan unguwa suka watse, mai shayin tsallaken titi ya bar butarsa a wuta ya fito. Ka taka totur, ta yi gunji, ta ja jiki da ƙyar kamar mai ɗauke da buhunan siminti. Kafin ka kai kwana, wani mai kai burodi a babur ya wuce ka, ya waiwayo ya ɗaga maka hannu. Mai shayi ya ce, "Wannan ai ba Walƙiya ba ce, Giwa ce." Daga ranar duk unguwa Giwa take ce mata. Na zaci za ka yi fushi. Ka fito gumi sharkaf, ka dafa bayanta kana dariya, ka ce, "To, mun iya tanki mai tafiya. Saura mota."

Daga nan aka fara abin da muke kira awon Asabar. Kowace Asabar kafin a tashi, kowa zai kawo abin da ya rage wa motar a wannan satin, ko noti ɗaya ne, a ɗora a kan sikelin da ke bakin ƙofa, ka rubuta a wani jan littafi, a jefa a ganga. Wanda ya zo hannu rabbana shi zai share rumfa. Sikelin nan na awon ƙarafa ne, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo ɗari uku, don haka ba mu taɓa auna motar gaba ɗayanta ba. Gunduwa-gunduwa muke auna ta, kai kuma ka tara a littafi. Abin da jan littafi ya ce, shi ne nauyin Walƙiya.

Shekara huɗu muna wannan. Ka mayar da mu 'yan koyo da furfurarmu. Muka sake shasi da siririn bututun da ka zana tun farko, muka sake gangar jiki da alminiyam da faiba. Ka sa aka huda ramuka a jikin fedar birki. Mai Fenti ya ce da wasa a rage shafi ɗaya na fenti, ka ɗauko gwangwanin ka ɗora a sikeli, ka ce ya yi gaskiya, a rage. Ya kwana biyu yana cizon yatsa. Hannuna da ya saba da kauri sai ya riƙa ɓula siririn ƙarfe da wuta, ina tsaki, ina jin kunya. Ka tsaya a bayana ka ce, "Sannu a hankali, Kurma, ba ƙofar banki kake yi ba." Ganga uku muka cika. In an gama awo sai ka aika a kawo shayi, mu zauna a kan tayoyi muna gardama, rana na shigowa ta ramukan kwano tana sauka a jikin motar. Wani ya ce za ta yi, wani ya ce ba za ta yi ba, kai kuma kana lasar fensir kana murmushi. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar a waɗannan shekarun ba, kuma na san ba zan sake ba.

A cikinsu ne Auta, ƙaramar 'yarka, ta gama jami'a ta dawo da ainihin takardar injiniya, irin wadda kai ba ka samu ba. Ranar da ta kawo ta, ka zagaya da ita benci-benci kana nuna mana, ka ce yanzu gidan ya samu injiniya na gaske, a daina kiran na jabu. Ita ta ja wayoyin motar, ita ta daidaita na'urar da ke sarrafa inji. In kuna gardama a kan zane, mu sai mu ja gefe, don ba mai rabawa. Muka samu izinin gwaji a wani tsohon filin jirgin sama da aka daina amfani da shi. Titinsa bai kai kilomita biyu ba, dole mota ta kai gudun da ake so kafin wata tuta da za a kafa, daga nan sai birki. A irin wannan gajeren wuri kowane kilo yana cin gudu. Sai ka ce a auna direbobi. Muka hau sikeli ɗaya bayan ɗaya ana ta shewa. Ni kilo casa'in da biyu, ka ce in sauka kafin in karya maka sikeli. Auta hamsin da ɗaya. Kuma gaskiya duk cikinmu babu mai ƙafarta a tuƙi.

Na bi ka ofis na rufe ƙofa. Na ce ban yarda ba. Na ce gefen motar nan in na danna shi da babban yatsa lotsawa yake yi. Ka buɗe littafi ka nuna mini lambobi, ka ce shasin zai ɗauki duk abin da ya same shi. Na ce ni ban san lambobi ba, ƙarfe na sani. Ka ce, "Kurma, 'yata ce fa." Na ce ai shi ya sa nake magana. Muka rabu kowa rai a ɓace.

Ka gane, Injiniya, yarinyar nan a gabana ta girma. Tana jaririya in Hajiya ta kawo maka abinci, a cikin sabon baro muke shimfiɗa mata zane ta yi barci a ofis, ni nake hana kowa buga guduma. Kawu take ce mini tun kafin ta iya kiran sunan yayyenta. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga taya ta fashe a wannan gudun. Saura kwana goma gwaji, ranar Lahadi da hantsi, babu kowa, na buɗe rumfa da makullina. Na kwance alminiyam ɗin da ya rufe ƙasan motar da gefenta da bayan kujera. Na ɗauko bututun ƙafar tanki, irin wanda muka shekara huɗu muna wahalar cirewa, na zagaye kujerar direba da shi, ƙasa da gefe da baya. Kafin in sa, na ɗora su a sikeli, don hannu ya saba. Kilo sittin. Na mayar da komai yadda yake, na ɗaure kusoshi, na share ƙasa. Ban rubuta a jan littafi ba.

Ranar gwaji ma'aikata suka zo da iyalansu, mai shayi ma ya rufe teburinsa ya biyo mu. Hajiya ta ƙi fitowa daga mota, tana zaune da carbi, ta juya wa titin baya. Auta ta sa hular kwano, ka sunkuya ka ɗaure mata bel da kanka. Abin da na gani a safiyar nan ba zan manta ba. Motar da muka buga da guduma a rumfar baro ta wuce mu jawur, ƙararta na dukan ƙirji, kafin in juya wuya ta zama ɗigo. Mai Fenti ya zauna a ƙasa yana kuka. Sau uku Auta ta yi. Na farko ɗari biyu da talatin da takwas. Na biyu ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Na uku ta ce ta danne totur har ƙasa ba ta ɗaga ba sai a tuta, amma nan dai allurar ta tsaya, ɗari biyu da arba'in da ɗaya.

Kowa na murna, mata suka rungume Auta, mai shayi yana rantsuwa wai shi dama bai taɓa ce mata Giwa ba. Ka bi mu ɗaya bayan ɗaya ka kama hannunmu ka yi godiya. Amma daga baya na hango ka tsaye a gindin tuta, littafi a hannu, kana motsa leɓe. Da na matso ka ce, "Ɗari biyu da hamsin da uku ya kamata ta yi. Ina sha biyun suka shiga?" Na ce wataƙila iska ce. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi maka.

Ka zargi iska, ka zargi taya, ka zargi mai. Sau biyu kai da Auta kuka kwance injin nan kuka ɗaure, ba ku sami komai ba. Shasi kuwa ba wanda ya buɗe, don aikina ne, kuma aikina ba ka taɓa bin bayansa ba. Da ka rasa wanda za ka zarga, sai ka koma kan kanka. Wannan ne ban yi tsammani ba. Mutumin da ke kallon ƙofa sau ɗaya ya faɗi awonta, sai ga shi yana auna taga sau uku, ya miƙa wa Auta ta duba masa. Ka daina zana sababbin abubuwa. Aka daina awon Asabar, aka lulluɓe Walƙiya da tamfol. Wata rana muna cin abinci ka ajiye cokali ka ce, "Kurma, ina jin kan nan ya fara tsufa. In na yi kuskure a wancan, wa ya san inda kuma na yi?" Na sunkuyar da kai ina juya abinci a kwano.

Da farko ina da hujja. Ina tsoron in na faɗa ka sa a cire su, ka mayar da Auta ciki. Amma wata shida bayan gwajin aka yanka filin jirgin aka fara gina gidaje, babu sauran wurin gwaji. Daga nan ba ni da wata hujja sai kunya. Sau nawa na zo ƙofar ofis da maganar a bakina, in ka ɗago kai ka ce mene ne, sai in ce gas ya ƙare. Ni da ake cewa ba na shakkar kowa, na ji tsoron fuskarka. Na tsani kaina a shekarun nan, kuma na cancanta.

Ranar Laraba, takwas ga wata, na je duba ka. Gadonka na kusa da taga, an sa maka ƙarin ruwa, wata na'ura tana ƙirga bugun zuciya. Hajiya na kan kujera tana ɓare lemo. Jan littafin na gefen matashinka. Ka rame har agogo na yawo a hannunka. Muka taɓa hirar aiki, ka tambayi tankunan da aka yi oda, sai ka ce, "In ta Allah ta kasance, ka gaya wa ma'aikata hannunsu bai yi laifi ba. Sun yi abin da na zana. Ni ne ban iya lissafi ba." Nan na kasa. Na durƙusa a gefen gado, na faɗa maka komai, tun daga Lahadin nan har zuwa ƙaryar iska.

Hajiya ta tsaya da lemo a hannu. Na jira tsawa. Sai ka ce, "Wane bututu?" Na ce na ƙafar tanki. "Ina da ina?" Na faɗa. "Kilo nawa?" Na ce sittin. Ka ce wa Hajiya ta miƙo maka tabarau da biro. Ka buɗe littafin a kan gwiwa, kana rubutu kana sokewa, ba ka ko dube ni ba. Ya kai minti sha biyar. Can sai ka saki biro, ka fashe da dariya, irin dariyarka ta da, wadda ake ji daga bakin titi. Na'urar ta fara ƙara, nas ta shigo a guje. Kana nuna mata shafin kana cewa, "Duba, 'yata, in an ƙara sittin, ɗari biyu da arba'in da ɗaya cif! Ashe kaina lafiya lau!" Baiwar Allah ba ta san abin da kake nufi ba, ta ce don Allah ka kwanta.

Da numfashinka ya daidaita ka dube ni ka ce, "Ɓarawo." Na ce na'am. Ka ce, "Waldar ta kama?" Na ce ta kama. Ka ce, "Kada ka cire ko ɗaya." Ka juya fuska wajen taga, muryarka ta yi ƙasa, ka ce, "Ni ne ubanta. Ni ya kamata in sa su." Na ce ka yafe mini. Ka ce, "Na bututu babu abin yafewa. Na shekara biyun nan kuwa, Kurma, ka cuce ni ba kaɗan ba, sai na yi shawara. Ka dawo Laraba mai zuwa, ka zo mini da zanen, in ga irin ɓarnar da ka yi wa shasina. Sannan ka ji amsa." Da murmushi ka faɗa, amma na san ka, ba duka ne wasa ba. Na koma gida na zana shi da rula, abin da ban taɓa yi ba, na ninke na sa a aljihu tun ranar Litinin. Kai kuma ka tafi ranar Talata.

Bayan an kai ka makwanci na tambayi Hajiya ko ka ce mata wani abu game da ni. Ba ta yi mini ƙarya ba, Allah Ya saka mata da alheri. Ta ce a kwana shidan nan ka ci abinci fiye da yadda ka ci a wata guda, ka sa aka kawo maka farar takarda ka fara zanen wata sabuwar mota, kuma babu likita ko mai shara ko mai zuwa dubiya da ba ka nuna wa shafin nan ba. Amma amsar da ka ce za ka ba ni, ba ka faɗa mata ba. Kwana shida ka yi kana Injiniyan da muka sani. Da na buɗe baki da wuri, da shekara biyu ka yi.

Hajiya, ina miƙa miki ta'aziyyata da ta dukan ma'aikata. Ke kika riƙe gidan nan a shekarun da yake dawowa da ƙurar ƙarfe a gashi da lambobi a baki, ba mu taɓa jin kin ce kin gaji ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya ba ki ladan jinya. Ga 'ya'yansa maza da mata da jikokinsa da ƙannensa da ya raina, Allah Ya ba ku dangana, Ya haɗa kanku, Ya sa ku gaji halinsa. Auta, na san tun da kika ji ba ki iya haɗa ido da ni ba, kuma kina da gaskiya, don ke kika zauna da shi kuna kwance inji a banza. Ban yi nadamar bututun ba, ko gobe aka ce za ki shiga zan sake sa su. Shirun da na yi nake nadama. In kin huce, kawunki na nan.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Mu shaida ne bai taɓa rage kaurin abin da ya sayar wa talaka ba, bai taɓa wulaƙanta wanda ke ƙarƙashinsa ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Kai kaɗai Ka san abin da ya shirya gaya mini. Ko mene ne, na karɓa. Ina roƙonKa dai Ka haɗa mu a inda zan ji shi daga bakinsa. Amin.